Marsandi mai Kompressor ta rage ƙarfi: abubuwan da ya kamata a duba kafin a buɗe inji

A Birnin Ƙonni, Malbaza da Ilela, ba abin mamaki ba ne ka ga tsohuwar Marsandi an rubuta mata Kompressor a baya. Akasari C180 ce, ko C200, ko C230, wani lokacin E200. Yawancinsu an ƙera su tsakanin 2000 da 2009, suka gama zamaninsu a Turai, sannan jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano ko Lome, daga nan aka hauro da su. Mota ce mai kyan gani, mai daɗin zama, kuma kuɗinta bai kai na sabbin motoci ba. Shi ya sa ɗan kasuwa, ma'aikacin gwamnati da malamin makaranta ke kai hannu gare ta.

Sai dai kukan da masu ita ke yi kusan iri ɗaya ne. Wannan ya ce mota ba ta da rai. Wancan ya ce tana shan mai kamar tanki ya huje. Wani kuma ya ce da safe lafiya lau take, amma rana na take tsaka sai ta koma kamar jaki mai ɗauke da kaya. Daga nan sai a shiga zagayen garaji: yau a canza wannan, gobe a canza wancan, jikkuna na zubewa, matsala tana nan daram. Ƙarshenta wani ya ba da shawarar a sauke inji, ko a sayar da motar da asara.

Maganar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Duk wanda ke bin babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1 ya san yadda manyan motocin simintin Malbaza da na albasar Galmi ke jeruwa. Idan ka fito za ka wuce tirela, ka taka totur mota ta ƙi amsawa, ga wata ta taso daga gaba, to rai ne a kan layi. Don haka muka ga ya dace mu zauna mu warware wannan lamari dalla-dalla, yadda mai mota zai san abin da zai tambaya, shi ma yaron garaji ya san inda zai fara.

Mene ne wannan Kompressor?

Injin fetur iska yake ƙonawa tare da mai. Ga kowane kilo guda na mai, yana bukatar iska kusan kilo 14.7 kafin ƙunar ta yi daidai. Ma'ana, ƙarfin inji ya dogara ne ga yawan iskar da ke shiga cikinsa. In ka ƙara mai ba ka ƙara iska ba, hayaƙi kawai za ka samu.

Inji na yau da kullum da kansa yake zuƙar iska. Mai Kompressor kuwa an ɗaura masa famfo ne mai tura iskar da ƙarfi. Ka tuna zugazugin maƙeri: gawayin ɗaya ne, amma da an hura sai wuta ta yi fari. A cikin famfon akwai wasu ƙarafa biyu murɗaɗɗu masu juyawa suna kwasar iska suna dannawa cikin inji. Bel ne ke juya su, wato kuruwa, daga jikin injin kansa. A nan ya bambanta da turbo, wanda hayaƙin salansa ke juyawa. Saboda bel ke jan sa, Kompressor na amsawa nan take da an taka totur.

Dabarar tsohuwa ce. Wasu ƴan'uwa biyu a Amurka, Philander da Francis Roots, su suka yi rajistar irin wannan famfo a 1860, don hura wutar narka ƙarfe. Mercedes ta nuna motocinta na farko masu shi a bajekolin motoci na Berlin a 1921. Bayan dogon lokaci ta dawo da shi a 1995 cikin C230 Kompressor, da injin da ake kira M111. A 2002 ta fito da M271 mai lita 1.8, wanda shi ya fi yawa a motocin da ke yawo a nan. Daga 2009 kamfanin ya fara komawa ga turbo.

Amfanin a bayyane yake. Ƙaramin inji mai silinda huɗu yana ba da ƙarfin doki 143 a C180 ta wancan zubi, 163 a C200. Amma wannan ƙarfi aro ne daga iska. Ranar da iskar ta ragu, ko ta yi zafi, ko ta sami wurin zurarewa, abin da zai rage maka shi ne ƙaramin inji yana jan mota mai nauyin kusan tan ɗaya da rabi.

Abubuwa uku da ƙasarmu ke jarraba injin da su

Na farko zafi. Iska mai zafi ba ta da nauyi. Tsakanin rana mai maki 15 a Jamus da rana mai maki 45 a Ƙonni cikin Afrilu ko Mayu, iskar da ke cika silinda ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin goma. Ga shi kuma matsa iska na ƙara mata zafi. Shi ya sa aka sa wata ƙaramar radiyata a gaban mota, ƙasa da lamba, wadda aikinta sanyaya iskar kafin ta shiga inji. In laka, ƙaiƙayi da matattun fara suka toshe ta, aikinta ya tsaya. Saboda haka in motarka ta ɗan yi sanyin jiki da azahar ta farfaɗo da dare, kaɗan daga ciki yanayi ne. In abin ya yi yawa, a duba wannan radiyata.

Na biyu ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, sauran shekara kuma hanyoyin ƙauye ne marasa kwalta. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan nan biyu na cikin Kompressor ƴar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Ƙurar da ta tsallake filta tana goge su kamar yashi, ta wuce ta ci bangon silinda.

Na uku mai. Kamfanin ya tsara injin ne a kan fetur mai lamba 95. In man ya gaza, yakan kama da wuta kafin lokacinsa, ka ji ƙara kamar ana kaɗa ƙusoshi a gwangwani. Akwai ɗan na'ura a jikin injin mai jin wannan ƙara. Da ta ji, ƙwaƙwalwar mota sai ta jinkirta tartsatsin buji don kare fistin, ƙarfi ya ragu ba tare da wata fitila ta kama ba.

Kowa ya san tarihin mai a wannan yanki. Shekara da shekaru man ƴan ruwa-ruwa daga Illela ta Najeriya ya fi na gidan mai araha, ko bayan buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a Nuwamban 2011. Lissafin ya sauya tun da Najeriya ta cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, amma kwalba da jarka ba su ɓace daga bakin hanya ba. Ba a ce duk man kwalba gurɓatacce ne ba. Abin lura shi ne, man da ya wuni a rana yana rasa sashensa mai saurin kamawa, jarka na tara ruwa da datti, kuma ba ka da hanyar sanin ko an haɗa shi da wani abu. Babur zai iya shanye wannan. Inji mai Kompressor ba ya yafewa.

A fara da kunne da ido

Kafin a ɗauko sifana, mai mota ya amsa wa kansa tambayoyi huɗu. Yaushe abin ke faruwa, da sanyin safiya ko bayan inji ya yi zafi? A tsaye yake faruwa ko sai an taka? A hankali ƙarfin ya ragu ko rana ɗaya? Me aka taɓa ko aka zuba kafin ya fara? Amsar nan ta fi rabin aiki.

In mota na rawa a tsaye, ta daidaita da an ɗan taka, galibi iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. In a tsaye lafiya lau, sai an nemi gudu take shaƙewa, a yi zargin mai bai isa ba ko salansa ta toshe. In tana fizga lokacin hawan tudu, irin na hanyar Tsarnawa zuwa Tawa ta Badagishiri, a duba buji da bobin. In ta mutu tana cikin tafiya bayan ta yi zafi, ta ƙi tashi sai ta huce, wannan sananniyar alama ce ta na'urar da ke ƙidaya juyin inji. Ƙaramar aba ce, amma ta sa mutane da yawa sun canza famfon mai a banza. In kuma da safe kana tayar da ita ka ji kacau-kacau na daƙiƙa biyu ko uku daga gaban inji, riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Launin hayaƙi ma magana yake. Baƙi, mai ya yi yawa. Shuɗi, baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri da ba ya tsayawa bayan inji ya ɗumama, ruwa ne ke shiga silinda.

Balis ba boka ba ne

Motocin fetur da aka sayar a Turai daga 2001 duk suna da soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. Nan ake jona na'urar bincike da makanikai ke kira balis. Yanzu akwai ƙanana masu haɗuwa da wayar salula, kuma ba garajin da ya kamata ya karɓi irin wannan mota ba shi da ko guda.

Ga lambobin da aka fi gani. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa. P0172 mai ya fi iska. P0300 wuta na tsallake a silinda dabam-dabam, P0301 zuwa P0304 kuma suna nuna silindar da abin ya shafa. P0100 zuwa P0103 sun shafi ma'aunin iska. P0016 da P0017 na cewa juyin sama da juyin ƙasa na inji ba su tafiya tare. P0335 na'urar ƙidaya juyi. P0420 katalis.

Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki lambar a matsayin sunan kayan da za a saya. Lamba wurin ciwo take nunawa, ba ta faɗin dalili. In balis ya ce iska ta fi mai, na'urar da ta gano hakan aikinta ta yi, ba ita ce mai laifi ba. Kuma goge lamba ba gyara ba ne. A rubuta lambobin tukuna, a goge, a yi tafiya, a ga wadda ta dawo.

Makaniken da ya san aiki zai kalli wani abu kuma: yawan man da ƙwaƙwalwar mota ke ƙarawa ko ragewa don daidaita ƙuna. In a tsaye tana ƙara fiye da kashi 10 cikin 100, amma da an taka adadin ya sauko, tiyo ne ya fashe. In a tsaye daidai ne, sai an taka adadin ke hawa, to famfon mai, filtar mai ko ma'aunin iska ne. Wannan kallo na minti biyar na iya ceton kuɗin buhunan gero.

Bi hanyar iska daga farko zuwa ƙarshe

A fara da filtar iska, don ita ta fi araha. A ciro ta a ɗaga wa rana. In haske ba ya ratsawa, ta gama aiki. Al'adar hure ta da iskar faci mai ƙarfi tana yaga takardar ta inda ido ba ya gani. Ta yi fes a ido, amma ƙura ta sami ƙofa. A kuma tabbata murfin akwatin ya zauna daidai, don sau da yawa ta gefen ƙurar ke shiga.

Sai tiyoyin numfashin inji. A M271 akwai wasu ƙananan tiyoyin roba a ƙarƙashin akwatin filta, kusa da Kompressor. Zafi da tururin baƙin mai na narka su, su tsage. Wannan na cikin manyan dalilan P0171 da rawar inji a wannan mota. Tiyon kansa ba shi da tsada, isa gare shi ne aiki. Kada a nemi wurin yoyo ta hanyar fesa fetur a kan inji mai aiki, gobara ce ake kira. A saurari shiii na iska, ko a tura hayaƙi cikin bututun inji na kashe a ga inda zai fito.

Ma'aunin iska, wanda a nan ake ce wa debimeta, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa yawan iskar da ta shiga. In ƙura ko maiƙo ya lulluɓe shi, sai ya riƙa faɗin ƙasa da gaskiya, a ba inji mai kaɗan. Ba a wanke shi da fetur, ba a taɓa cikinsa da tsinke. Akwai feshi na musamman dominsa. In an cire wayarsa mota ta fi lafiya, akwai alamar tambaya a kansa, amma a tabbata babu tiyon da ya fashe kafin a saya sabo.

Bel da abin da ke ɗaure shi. In bel ya yi sulɓi ko ya saki, yana zamewa daidai lokacin da aka fi bukatarsa, wani lokacin da ƙara, wani lokacin shiru. A M271 bel ɗin da ke jan Kompressor shi ke jan famfon ruwa da dinamo. In ya tsinke a hanya, a tsaya nan take. Wanda ya ce bari in lallaɓa in kai Dogon Dutsi, gaskit zai ƙona. Ajiye sabon bel a but ba asara ba ce ga mai zuwa Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 400.

Akwai kuma wata ƙofa mai aiki da lantarki wadda ke mayar da iska baya lokacin da ba a bukatar ƙarfi, ta rufe in an taka. In ta maƙale a buɗe, Kompressor na juyawa amma iskar zagaye kawai take. A tsofaffin M111 na kafin 2000 akwai kulocin maganaɗisu a bakin Kompressor, shi ma in bai kama ba haka abin zai kasance. Daga nan a bi manyan tiyoyin da ke zuwa ƙaramar radiyata su dawo. Duk inda aka ga jiƙar maiƙo a mahaɗa, nan iska ke fita.

Shi Kompressor ɗin kansa ba kasafai yake mutuwa ba, ko da yake shi aka fi ɗora wa laifi. A cire bel a juya shi da hannu. In yana juyawa sumul, ba gurnani, ba girgiɗi, a bar shi. In ana jin kamar tsakuwa a ciki, sannan a yi maganar gyara ko canji.

Wuta da mai

Silinda mai cike da matsattsiyar iska ta fi wuyar kunnawa. Bujin da zai yi aiki a wata mota zai iya gazawa a nan da zarar an taka. A sa irin wanda aka rubuta wa injin, duka huɗu lokaci guda. Launin tsohon buji shaida ne: ruwan ƙasa lafiya, baƙi mai ya yi yawa, fari fat zafi ya yi yawa. A M271 kowane buji da bobin ɗinsa. In balis ya ce silinda ta 2, a musanya bobin ta 2 da ta 3. In laifin ya koma ta 3, an kama ɓarawo, kuma guda ɗaya za a saya.

Kada a ci gaba da tafiya da inji mai tsallake wuta. Ɗanyen man da bai ƙone ba yana gangarawa salansa ya ƙone a can, ya narka katalis.

Ƙarfin turin mai ya kamata ya kai wajen bar 3.8, kuma ya tsaya a haka ko an taka. Agogon awo ake sawa, ba a kallon yadda mai ke tsartuwa a ce ya isa. A wasu zubin filtar mai tana ƙarƙashin mota, kuma a yawancin waɗannan motoci ba wanda ya taɓa ta tun daga Turai. Sannan yawo da tanki kusan fanko, ana zuba lita biyu-biyu, yana kashe famfo, domin man da yake nutse a ciki shi ke sanyaya shi.

Sarƙa: ƙarar da ba a yi wa jinkiri

Mu koma ga kacau-kacau ɗin safe. A cikin M271 akwai sarƙa mai layi ɗaya da ke haɗa juyin ƙasa da na sama, don bawul su buɗe su rufe a kan lokaci. Sanannen rauni ne na wannan inji cewa sarƙar na miƙewa, haƙoran da take hawa kuma su cinye. Da farko ƙara ce kawai da wuyar tashi da raguwar ƙarfi, tare da P0016 ko P0017. Ranar da ta tsallake haƙori, fistin zai daki bawul. Daga nan ba maganar gyara ake ba, maganar wani inji ake.

Duba ta ba ya bukatar sauke inji. A buɗe murfin sama a kalli haƙoran da alamomin saiti. In sun cinye, a canza sarƙa, haƙora da abin ɗaure ta tare. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta daɗewa.

A gaban kan injin kuma akwai maganaɗisu biyu masu waya. Idan suka tsufa, baƙin mai na bi ta cikinsu ya shiga waya, ya yi ta tafiya kamar kalanzir a lagwani har ya kai ga na'urorin salansa da ƙwaƙwalwar mota. Sai mota ta riƙa kawo lambobi barkatai. Cire soket ɗin ka duba, aikin minti ɗaya ne. In da maiƙo, a canza su, a wanke wayoyin, a sa ɗan guntun wayar da aka yi musamman don tare man.

Abin da ke tsawaita ran sarƙa shi ne baƙin mai. Injin na cin kimanin lita 5.5, kuma 5W-40 mai lambar amincewa 229.3 ko 229.5 ya dace da shi. Mai kauri irin na manyan motoci yana jinkirin hawa sama da safe, daidai lokacin da sarƙa ke bukatarsa. Doguwar tazarar juye da kamfani ya rubuta ta hanyoyin Turai ce. A ƙurarmu, yin juye da canza filta kowane kilomita 5,000 zuwa 7,000 ya fi kwanciyar hankali.

Gyare-gyare biyu da ke ɓata mota

Na farko cire tamostat. Ana cewa a ƙasar zafi ba a bukatarsa. Amma an tsara injin ya yi aiki a wajen maki 90. In bai kai ba, ƙwaƙwalwa na ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara mai. Kuma a irin waɗannan injuna, tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar ruwa ya tilasta masa bi ta radiyata. In babu shi, wani ruwan zagaye yake yi bai sanyaya ba. In mota na zafi, a wanke radiyata, a duba fanka, murfi da famfon ruwa. A kuma daina zuba ruwan rijiya zalla, yana barin dutse a ciki kamar gindin buta.

Na biyu fasa katalis, wanda makanikan tsallaken iyaka ke kira indomi. Yana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake sayensa. In ya narke ya toshe, gaskiya ne mota ba za ta ja ba. Amma a gwada kafin a yanke: a kwance na'urar da ke gabansa don hayaƙi ya sami mafita, a ɗan taka a gani. In ƙarfi bai dawo ba, ba shi ba ne. Wanda aka cire wa lafiyayye ya yi asarar abu mai daraja, ya sami hayaƙi mai cutarwa, ga fitilar inji a kunne kullum, ranar da babbar matsala ta zo ba zai gane ba.

Wani lokacin ma injin lafiyarsa ƙalau. Giya ce ta maƙale a lamba ɗaya don kare kanta, ko birki ke riƙewa, ko tayoyi ba iska. Taɓa kowace ƙafa bayan tafiya. Wadda ta fi sauran zafi tana da magana.

To, ƙarin ƙarfi fa?

Matasa na gani a intanet yadda Turawa ke canza girman fulin da bel ke hawa, don Kompressor ya ƙara gudu, ko su sauya lissafin ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne ana samun ƙarin ƙarfi. Amma ƙarin matsi ƙarin zafi ne, kuma masu yin haka suna da sanyi da fetur mai lamba 98 a gidajen mai da yawa. A yi wannan a kan inji mai shekara ashirin, cikin zafin Mayu, da man da ba a san asalinsa ba, garin neman gira a rasa ido. Haka filtar nan buɗaɗɗiya mai ƙara: iskar zafi ta cikin bonet take zuƙa, ƙura kuma ta wuce ta.

Ƙarfin da ya kamata a nema shi ne wanda motar ta zo da shi ta rasa a hanya. Sabuwar filtar iska da ta mai, tiyoyi marasa yoyo, buji na ƙwarai, bel mai ɗauri, radiyata biyu a wanke, tamostat a wurinsa, sarƙa a kan saiti, mai daga wurin da aka amince da shi. Wanda ya yi waɗannan zai ji kamar an canza masa mota.

Kafin a ce a sauke inji, a nemi a auna matsin kowace silinda. In huɗun sun yi kusa da juna, bambancin bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, zuciyar injin lafiya take, matsalar a waje take. Wajen sayen kaya, ko a Ƙonni, ko Sakkwato, ko Maraɗi, a tafi da tsohon a hannu tare da lambar shasi, domin C180 ta 2001 da ta 2004 suna ɗaya ne amma inji dabam. A ma'aunin iska da na'urar ƙidaya juyi, araha ba ta ado, na jabu na iya kawo laifin da ya fi na tsohon. A canza abu ɗaya, a gwada, sannan a wuce na gaba, kuma mai mota ya karɓi tsohon kayansa.

Wanda kuma ke shirin sayen irin wannan mota, ya je da sassafe, ya taɓa inji ya tabbata da sanyi, sannan a tayar a gabansa ya saurara. Ya kunna makulli ya ga fitilar inji ta kama sannan ta mutu bayan tashi, don wasu kan cire ƙwan. Ya duba soket ɗin maganaɗisu, ya leƙa ƙarƙashi ya ga katalis na nan, ya jona balis kafin a yi ciniki.

Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya.